Keken Baba: wane irin Raleigh ne, kuma nawa zai yi a Jidda?

Wani matashi daga Jidda ya aiko da tambaya. Ya ce lokacin da aka rushe unguwarsu ta Sabil a 2022, cikin kayan da suka kwashe har da keken tsere na mahaifinsu marigayi, wanda wani injiniya Bature da ya yi wa direba ya bar masa da zai koma gida. Tun daga lokacin keken yana jingine a saman bene. Raleigh ne, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, farantin sarƙa biyu a gaba, jerin haƙoran giya biyar a baya. Lambar da ke ƙarƙashinsa ta fara da W, sai wani harafi, sai 8, kuma akwai ragowar sitika da ake iya karanta 531 a jikinta. Wani dillali a harajin Sawarikh ya taya riyal 300, shi kuwa ya ga mai kama da shi a intanet an sa masa dala 1,500. Yana son ya san wane iri ne, nawa zai yi, da ko ya kamata ya yi masa fenti kafin ya sayar, domin magada suna jira.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai gaggawa. Kada ka kai keken nan wurin mai fenti, kada samfefa ta taɓa shi, kada kuma wani yaro ya ɓanɓare ragowar sitikar nan wai don ta yi datti. Mai neman tsohon keke na ƙarfe ba ƙyalli ya zo saye ba, asali yake nema, kuma tsohon fenti da sitika su ne takardun shaidar keken. Ni kaina na taɓa yin wannan gyaran gangar Auzinawan. Ina sabon buɗe shago, wani keken Italiya ya faɗo hannuna, fentinsa ya koɗe, kurom ɗin ƙafafunsa ya fara yin ɗigo-ɗigo. Na kankare shi tas, na sa aka fesa masa ja mai sheƙi, ina jin na yi gwaninta. Mutumin da ya zo saye, wani ma'aikacin jirgin ruwa, ya zagaya shi sau biyu, ya shafa wurin da sitikar bututun take a da, ya tambaye ni da me zan nuna masa cewa shi ne. Ban da amsa. Rabin abin da na sa rai ya ba ni, ga kuɗin fenti da na yi asara.

To, maganar suna. Mu Hausawa muna da wata tsohuwar ƙauna ga Raleigh, ko Rale kamar yadda iyayenmu ke faɗa. Baƙin keken nan mai taya inci 28, mai birkin sanda da kariya da akwatin sarƙa, shi ne na malamin makaranta da na ango, har masana'antarsa aka yi a Kano. Wannan ƙaunar ce ke sa mutum da ya ga kan zalɓen nan, tambarin Raleigh, a goshin keke sai ya ɗauka dukiya ya tsinta. Amma kamfanin na Nottingham ya ƙera komai da komai, tun daga keken yara zuwa irin wanda Joop Zoetemelk ya ci gasar Tour de France da shi a 1980, kuma duk zalɓe ɗaya aka liƙa musu. Haka Peugeot da zakinta: akwai PX-10 na 'yan tsere, akwai UO-8 da aka yi ta jibga wa ɗaliban Amurka, daga nesa kuwa ba ka rabe su. Saboda haka sunan da ke jikin bodi ƙofa kawai ya nuna mana, sai mun shiga ɗakin.

Lambar da ka karanto ta faranta mini rai. Daga wajen 1974 Raleigh ta riƙa fara lambar bodi da harafin masana'anta. N na Nottingham ne, inda ake fitar da na gama-gari. W na Worksop ne, masana'antar Carlton da Raleigh ta saya a 1960, inda ake haɗa marasa nauyi da hannu. Harafi na biyu lokaci ne a cikin shekara, lambar da ke biye kuwa ita ce ƙarshen shekarar. Da SB ka gani a farko, da na ce ka rufe keken a ɗakin kwananka, don wannan na ƙaramin shagonsu na Ilkeston ne mai yi wa ƙungiyar tsere aiki. Naka dai W ne da 8. Sai dai lamba ɗaya tilo ba ta bambanta 1978 da 1988, kuma ko bayan an rufe Worksop a 1981 an ci gaba da buga W a kan wasu. Haƙora biyar ɗin da ka ambata sun fi karkata ga 1978, za mu kuma tabbatar da kayan jikinsa.

Yanzu ga inda kuɗin yake, wato ƙarfen. Reynolds kamfani ne na Birmingham, bututu yake yi, ba keke ba. Tun 1897 suka yi rajistar dabarar yin bututun da bakinsa biyu ke da kauri ta ciki, tsakiyarsa kuwa siririya, don wurin haɗi, inda wuta ke taɓawa kuma nauyi ke taruwa, ya yi ƙarfi, sauran kuma a rage masa nauyi. Daga waje ba ka ganin komai, faɗinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. A 1935 suka fito da ƙarfen da suka kira 531, kuma ya shekara kusan hamsin yana sarautar kekunan tsere. Amma 531 hawa-hawa ne, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai keken da bututansa uku na tsakiya kaɗai ne 531, kaurinsu ɗaya ba a sirance tsakiya ba, sauran jikin kuwa ƙarfe ne na kowa. Akwai wanda ukun an sirance su amma fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, da ƙafafun baya, wato siraran bututan da ke riƙe tayar baya, na kowa ne. Sai na ƙoli, wanda komai nasa 531 ne. Ka ɗauki hoton sitikar da rana, ka buɗa shi a waya. In lambar 531 a karkace take, ta ratsa sitikar daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma kana iya tsinto kalmomin butted da forks da stays, to na ƙolin ne. In a miƙe take kuma ba waɗannan kalmomin, ka sauko da zatonka. Ka leƙa kuma saman fok ɗin, hagu da dama, ko akwai wasu 'yan sitiku masu kusurwa uku. Su ne shaidar cewa shi ma fok ɗin Reynolds ne.

A jerin Raleigh na shekarun 1970, musamman waɗanda aka kai Amurka, Professional da International da Competition suna sama, duk jikinsu 531. Super Course yana tsakiya, bututu uku kawai. Grand Prix da Record suna ƙasa, da ƙarfen da suke rubuta wa 20-30, wanda ba shi da wani abin faɗa sai juriya. Sunan yakan kasance a bututun sama kusa da kai. Ko ya goge, in ka haska fitilar waya a kaikaice wani lokaci za ka ga inuwar haruffan a cikin fentin.

Kama da wane dai ba ta wane. Sitikar 531 da ta Columbus, kamfanin bututu na Italiya mai tambarin kurciya, ana buga sababbi ana sayarwa a intanet, kuma na sha ganin su a jikin keken da nauyinsa ya kusa na buhun siminti. Sunayen Italiya sun fi shan wannan, musamman Colnago, shi ya sa masu saye ba sa kallon rubutu sai sun ga alamar furen nan mai ganye uku a huje a jikin ƙarfen kansa. Naka ba na zargin sa, tun da a gidanku ya tsufa, amma mai saye ba zai yarda da labari ba, sai awo. Awon da ba ya ƙarya shi ne na sandar sirdi. Bututun da take shiga faɗinsa ta waje milimita 28.6 ne a kekunan Ingila da Italiya da Japan, saboda haka gwargwadon sirancin bangonsa, gwargwadon faɗin ramin. Mai kyau, wanda aka sirance, yana ɗaukar sanda mai milimita 27.2. Na tsakiya yakan ɗauki 26.4 zuwa 26.8. In ka ga 25.4 ko 25.8, bangon ya yi kauri, ƙarfen famfo ne kawai. Sau da yawa lambar tana bugge a jikin sandar, can ƙasa inda take nutsewa, in kuma ta goge, kowane mai gyaran inji yana da ma'aunin kauri. Ga mai karatu da ke riƙe da keken Faransa: nasu bututun milimita 28 ne cif, don haka 26.4 ko 26.6 a jikin Peugeot ko Motobécane alama ce mai kyau, kada ka raina shi. Kada kuma a ɗauka Reynolds da Columbus kaɗai ne ƙarfe. Tange da Ishiwata na Japan ba su gaza su da komai ba. Miyata ko Panasonic na shekarun 1980 sau da yawa ya fi na Turai tsaftar haɗi, suna ne kawai bai kai ba, shi ya sa nake cewa su ne rabon mai son hawa.

Sai ka ɗora shi a sikeli, ko na masu sayar da gas ko irin na rataya da ake auna jakar tafiya. Cikakken keken tsere mai kyau na wancan zamani yana tsakanin kilo 10 da 11. In ya haura 13, magana ta ƙare. Wasu sukan ɗalli bututu da farce su saurari amonsa, wai mai kyau yana yin ƙara kamar ƙararrawa. Ni ma nakan yi don sabo, amma ba zan sa riyal ɗaya a kan kunnena ba.

Daga nan ka tsuguna bayan keken ka dubi kunnuwan da ake ɗaure ƙafar baya a cikinsu. Na mai araha falle ne da aka datse daga farantin ƙarfe, siriri, bai ɗaya, kuma giyar baya tana rataye ne da wani ɗan ƙugiya daban da notin ƙafa ke dannewa. Na mai daraja ƙera shi aka yi, yana da kauri, bakinsa ya ɗan taso inda noti ke zama, wurin rataya giya a jikinsa yake, sau da yawa da 'yar siririyar ƙusa ta baya don daidaita ƙafa. Ka goge maiƙon da tsumma, za ka iya ganin sunan kamfanin da ya ƙera shi a zagaye da bakin: Campagnolo, Huret, Simplex, SunTour, Shimano. Ba a sa irin wannan kunnen a bodin banza. Ka dubi kuma mahaɗan, 'yan safar ƙarfen nan da bututai ke shiga a liƙe su da tagulla. A aikin hannu na kirki bakinsu a goge yake, yana sirancewa har ya kusa bajewa da bututu, ba rami, ba ɗigon tagulla da ya daskare. Gaskiya kuma, Worksop a shekarun da kasuwar Amurka ta buɗe baki sun yi ta sauri, kuma na ga masu tsada daga wurinsu da haɗinsu bai yi kyan gani ba. Wannan yana rage kuɗi kaɗan, amma ba ya hana tafiya.

Kayan jiki su ne za su raba mana gardamar shekara, domin da yawansu suna ɗauke da kwanan wata. In giyar baya ta Campagnolo ce, shahararren kamfanin Italiya mai kayan keken tsere, irin Nuovo Record, ka duba samanta kusa da inda waya ke shiga, za ka ga Patent ko Pat. da lamba biyu, misali 77 ko 78. A bayan hannun fedarsu akwai lamba ɗaya: in tana cikin zanen lu'ulu'u mai kusurwa huɗu, shekarun 1970 ne, in cikin da'ira, shekarun 1980. Shimano kuwa haruffa biyu ƙanana suke bugawa a bayan kaya, na farko shekara, A ita ce 1976, B 1977, haka har gaba, na biyu kuma wata, A Janairu. Kada ka dogara da abu ɗaya, don giya tana lalacewa a canza ta. Ka duba uku ko huɗu, inda suka taru nan ne shekarar, kuma keken yakan biyo bayan kayansa da 'yan watanni. Ka cire ƙafar baya ka auna tsakanin kunnuwan biyu ta ciki: milimita 120 na zamanin haƙora biyar ne, 126 na shida da bakwai, 130 na takwas zuwa sama, wato daga wajen 1990. Wayoyin birki da suka fito ta saman hannu suka yi baka a iska tsohon yayi ne, a tsakiyar shekarun 1980 aka koma ɓoye su ƙarƙashin naɗin kai. Giya mai ƙas-ƙas, wadda kowace dannawa ke faɗawa gurbinta, Shimano ce ta yaɗa ta daga 1984, kafin nan da ji da saurare ake sa giya.

Alamun mai araha ba sa buƙatar dogon bayani: rim na ƙarfe da maganaɗisu ke kamawa, hannun feda mai ƙusar nan da ake dokawa da guduma, ƙarin hannun birki a kwance a saman kai, madannan giya a wuyan kai maimakon a bututun ƙasa, da jaki na tsayuwa. In uku daga ciki sun haɗu, dillalin Sawarikh bai zalunce ka ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne saman benen nan. Iskar Jidda ba ta Riyad ba ce. Laima da gishirin Bahar Maliya suna cin ƙarfe ta ciki, inda ido ba ya kaiwa, kuma abin takaici, bututu mai tsada shi ya fi saurin hujewa, don tsakiyarsa ba ta fi rabin milimita da ɗan ɗoriya ba. Tsatsar sama, mai kama da ƙurar jan barkono, ba komai ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai kumbura fenti kamar ƙuraje, musamman ƙarƙashin bututun sama inda gumi ke ɗiga, da gindin ƙafafun baya kusa da cibiyar feda inda ruwa ke kwanciya. Ka danna irin wurin da bakin sukudireba a hankali. In ya lotsa, bodin ya tafi. Ka ɗaga keken ka jijjiga shi kusa da kunne, in kana jin wani abu na zuba a ciki kamar yashi, ɓarɓashin tsatsa ne.

Sannan ka sassauta notin sirdi ka murɗa sirdin hagu da dama. Sandar alminiyam a cikin bututun ƙarfe, in ta shekara ba giris a wuri mai laima, sai su manne kamar an yi musu walda. Haka wuyan kai. Wannan kaɗai yana iya zaftare sulusin kuɗin keke, don mai saye ya san wahalar da ke gabansa. In ta ƙi motsi, kada ka sa mata babbar sifana, kada ka bar mai walda ya kusance ta da wuta. Ka ɗiga man sassauta tsatsa a bakin, safe da yamma, mako guda ko biyu, kana ɗan gwadawa. Na ga bodi masu kyau da aka murɗe su a banza saboda gaggawar yini ɗaya.

Sai shaidar karo. Keken da ya taɓa dukan bango ko bayan mota yakan ɓoye abin a wuri ɗaya: ka sa yatsa ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, daf da mahaɗan kai, ka shafa. In ka ji ɗan tudu ko yamutsewa, ko ka ga fentin wurin ya yi tsaga-tsaga a zagaye, ya sha karo. Ka koma gefe ka tsaya nesa kaɗan: saman fok ya kamata ya bi layi ɗaya da bututun kai kafin ya lanƙwasa gaba, in ya ja baya, ya tanƙware. Don gane ko bodin ya karkace, ka ɗaura zare a kunnen baya na dama, ka zagayo da shi ta gaban bututun kai, ka dawo da shi kunnen hagu, ka ja ya miƙe, sannan ka auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Bambancin milimita ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne.

Gargaɗi ɗaya game da kai shi shagon gyara na unguwa. Yaran yanzu a kan kekunan Sin suka koyi aiki, ba laifinsu ba ne, amma tsofaffin kekuna kowace ƙasa da tiredinta, wato irin zanen murɗin da noti ke bi. Cibiyar feda ta Ingila faɗinta milimita 68, kuma murfinta na ɓangaren sarƙa a juye yake, ta dama ake kwance shi. Ta Italiya 70 ce, duka biyun ta hagu ake kwancewa. Ta Faransa 68 ce ita ma amma tiredinta daban. Raleigh na Nottingham masu araha ma suna da nasu na gida da ba ya shiga da na kowa, ko da yake manyan na Worksop galibi na Ingila ne na gama-gari. Wanda bai sani ba zai sa ƙarfi, tiredi ya cinye, shi ke nan. Taya ma haka: ka karanta gefenta. In 630 ka gani, inci 27 ce, kuma 700C ta yau, mai lamba 622, ba za ta hau rim ɗin ba ko da mutum huɗu suka taru. In kuma tayar a ɗinke take da tif a cikinta, an manna ta da gam a rim marar baki, to ta 'yan tsere ce, alama mai kyau ga darajar keken, wahala ga mai hawa.

To nawa zai yi? Dala 1,500 ɗin da ka gani, a canjin 3.75, riyal 5,625 ke nan, amma kuɗin da mai kaya ya sa ne, ba wanda aka biya ba. Kowa na iya rubuta abin da ransa ke so, tallar ta shekara a nan ba wanda ya taya. In za ka duba eBay, ka zaɓi jerin waɗanda aka riga aka sayar, ka nemi iri ɗaya da naka, shekara kusa, yanayi kusa, ka duba biyar ko shida ka ɗauki na tsakiya. Ka kuma sani cewa wannan farashin na inda masu so suke ne. A Turai akwai abin da ke riƙe kasuwar, irin hawan L'Eroica da aka fara a 1997 a Gaiole in Chianti ta Italiya, inda sai da keken 1987 ko kafin nan, ko sabo da aka ƙera irin na wancan zamani, ake shiga, mai madannan giya a bututun ƙasa da wayar birki a waje. Mu nan masu hawa sun yawaita, ka je Kornish da asuba ranar Juma'a ka gani, amma kusan duk kekunan zamani na kabon da alminiyam suke so, mai neman tsohon ƙarfe ɗaiɗai ne. In ka ce za ka aika waje, kwalin keke babba ne, ka fara tambayar kuɗin jigila kafin ka yi lissafin riba, don yana iya lashe rabi.

Girma ma yana shiga lissafi. Ka auna daga tsakiyar cibiyar feda zuwa bakin bututun sirdi. Raleigh da inci take yi: 21 da rabi, 22 da rabi, 23 da rabi, har 25 da rabi. Tun da na Bature ne, ina fargabar dogo ne, kuma mai inci 25 sai mutum mai tsawon gaske, a nan kuwa zai daɗe bai samu mai shi ba.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, don haka ga nawa ƙiyasin, a matsayin wanda zai sa kuɗinsa, ba hukunci ba. In ya tashi bututu uku ne kawai, kayan sun gauraye, taya da waya da naɗi duk sai an sabunta, ni ba zan wuce riyal 500 zuwa 800 ba. In duk jikinsa 531 ne, sanda 27.2 kuma tana motsi, ba karo, fentin asali, amma kayan tsaka-tsaki, zan nemi 1,200 zuwa 1,800 in yi haƙuri. In kuma ga wannan duka ga kayan Campagnolo cikakku na shekararsa, kada ka saurari abin da bai kai 2,500 ba, kuma mai sayen ba a filin haraji yake ba, sai ka sa shi a manhajar Haraj ko ka kai hotonsa ga ƙungiyoyin masu hawa na Jidda da Riyad da Zahran. In bodin ya huje ko ya sha karo, to bodin ba shi da kuɗi, amma kada ka jefar. Giyar Campagnolo, hannun feda, birki, cibiyoyin ƙafa, da sirdin fata na Brooks in rana ba ta busar da shi ya tsage ba, kowanne ana sayensa daban, kuma jimillarsu wani lokaci takan fi ta cikakken keke. Ina kyautata zaton wannan lissafin dillalin ya yi da ya taya 300 da sauri haka. Sana'arsa ce. Kai dai ka ce albarka.

Tun da gado ne, ɗana, kada ka yanke shi kai kaɗai ko da kai ne babba. Ka sa mutum biyu da suka san kaya su yi masa kuɗi a gaban 'yan'uwanka, mata da maza. In ranka na son riƙe shi don tunawa da Baba, sai a lissafa shi cikin rabonka a kan wannan kuɗin, kowa ya sani. Ƙaramin abu irin wannan na sha ganin ya bar ƙullin shekaru tsakanin 'yan ɗaki ɗaya.

Yau dai ka sauko da shi daga bene ka shigar da shi inuwa. Ruwa da sabulun wanke kwano da tsumma mai laushi sun isa, ka kauce wa sitika, kada ka sa masa tiyo mai ƙarfi. Kurom ɗin da ya yi ɗigon tsatsa, ka dunƙule takardar alminiyam ta kicin ka jiƙa ta ka goga a hankali, za ka sha mamaki. Sarƙa da haƙora a wanke da kananzir. Duk abin da ka cire, ko ruɓaɓɓiyar robar hannun birki ce, ka adana a leda, mai saye zai so ganin ta. Sannan ka turo mini hoton sitikar da rana, hoton kunnen baya bayan ka goge shi, lambar sandar sirdi, da abin da sikeli ya nuna. Da waɗannan huɗun zan iya gaya maka sunan keken, in sha Allahu, da wanne daga cikin kuɗaɗen nan uku ne nasa.